Idon Mahauci

Shekara talatin Baba Sallau yana Abbatuwa,
wuƙa a ƙugu, jini ya rine masa farce.
Yakan hango sa daga nesa, bai ko taɓa shi ba,
ya ce, "Kilo ɗari biyu da ashirin, ban da kai da ƙafa."
A ɗora a sikeli. Sikeli bai taɓa ƙaryata shi ba.

Da gwiwa ta ƙi, sai ya ajiye fawa,
ya sayi fili can bayan Ɗorayi,
karsana shida, turke bakwai.
Na bakwai ɗin babu kowa a kansa.
"Gobe ka raka ni kara," in ji shi,
"mu samo wa waɗannan uban 'ya'ya."

Kara ta cika, takalmi na nutsewa.
Ɗanjummai dillali ya tare mu tun daga bakin ƙofa,
ya ja mu gaban wani Rahaji ja wur,
ƙahonsa sai ka shanya wanki,
tozo ya kwanta gefe don ƙiba.
Ni kam na riga na biya a zuci.

Baba ya zagaya shi sau ɗaya, ya furzar da goro.
"Wannan na layya ne. A yanka, a ci, a manta.
Gaba kamar soro, baya kamar zaure ya rushe.
Ƙaho ba ya shiga tukunya, Ɗanjummai."

Can ƙurya, kusa da masu sayar da igiya,
wani Bokolo na tsaye, kunne a sake,
ba ƙaho, ba kwalliya, yana tuƙa abinsa,
ƙuda ma bai dame shi ba.
Baba ya buɗe masa baki, ya ƙirga manyan haƙora huɗu.
Ya bi gadon bayansa da tafi, shimfiɗe kamar tabarma.
Ya danna cinya, cinya ta mayar masa da yatsa.
"A ja shi in gani."
Ƙafar baya na sauka daidai inda ta gaba ta tashi.

Sannan ya durƙusa, da gwiwar nan tasa,
ya leƙa ƙarƙashi ya daɗe,
har samari suka fara dariya.
Bai kula su ba.
"Biyu ne, kai ɗaya, babu kumburi.
Garken duka a nan yake rataye."

Mai shi, Jaɓɓo, yana dogare da sanda.
Baba bai tambayi kuɗi ba tukuna.
"Uwarsa fa?"
"Haihuwa bakwai, ba a taɓa ja mata ba."
"Yana tunkuyi?"
"Ɗana mai shekara takwas ke kai shi rafi."
Aka sa hannu cikin hannun riga, aka yi ciniki.
Ɗanjummai ya karɓi la'adarsa yana ƙunƙuni.

A bayan akori-kura, mun wuce Kabuga,
Baba ya riƙe igiya, ya yi shiru, can ya ce,
"Duk rayuwata abin da ke ƙarƙashin fata nake gani.
Yau an ce in ga waɗanda ba a haifa ba.
Ban sani ba ko idona ya iya."

Dusa, harawa, kanwa, kuɗin likita.
Wata tara muna zuba, ba mu ɗiba.
Biyar suka ɗauka, ɗaya ta ƙi.
Baba ya riƙa fita da tocila tsakar dare,
ya ce fitsari ne ya tashe shi.

Wata Talata, ana yayyafi, ta fari ta sauke.
Namiji. Kunnen uban, faɗin bayan uban,
yana rawar ƙafa, yana neman nono ta wajen wuya.
Na ga Baba ya ƙanƙance ido yadda ya saba,
leɓensa ya motsa zai faɗi kilo.

Sai ya haɗiye.
Ya cire rawaninsa ya goge wa maraƙin hanci.